Wasiyyar da Si Lazhar Bai Rubuta Ba

Lalla Shadliya, ki taimake ni don girman Allah. Shekaruna sittin da takwas, ban taɓa kai kukana jarida ba, har dariya nake yi wa masu rubuto miki, ina cewa ba su da aikin yi. Yau ga ni a layi. Saura kwana tara zaɓen 'yan majalisa, kuma akwai wata takarda manne a bangon kowane gidan gahawa, daga garinmu Gafsa har garuruwan ma'adini, wadda mutane suka ɗauka mamaci ne ya rubuta, alhali ni na rubuta ta. In za ki buga, ki sauya sunaye.

Kin san Si Lazhar, Allah Ya jiƙansa, wanda ya kafa jam'iyyarmu mai alamar diga. Ɗaki ɗaya aka kulle mu a kurkuku zamanin tsohuwar gwamnati, ni malamin makaranta, shi shugaban masu haƙar ramin ma'adini. Wasiƙun da yake rubutawa a takardar taba, matarsa tana fita da su a gindin kwandon abinci, su suka riƙe zukatan mutane. Da masu gadi suka gano, sai suka ɗora hannunsa na dama a bakin ƙofar ƙarfe suka rufe. Yatsu huɗu. Daga ranar bai sake riƙe alƙalami ba har ya koma ga Allah. Ya ce mini, "Malam, in wasiƙu suka tsaya za a ce an karya ni." Cikin kwana arba'in na koyi hannunsa, da yadda yake karkata layi, da yadda yake danna ɗigo kamar yana fushi da shi. Bayan an sake mu ba mu daina ba, domin lokacin mutane har alfahari suke yi wai hannun da aka karya bai bar rubutu ba. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Mu huɗu muka sani: ni, da shi, da matarsa Lalla Mabruka, da Munji wanda yake riƙe da jam'iyyar yanzu.

Kada ki ɗauka abin da na ga dama nake rubutawa. Yana zagaya ɗaki yana faɗa, ina rubutawa, in karanta masa. Wani lokaci in ya gaji sai ya ce, "Ƙarasa, ka san abin da zan ce." Amma babu takardar da take fita sai ya tsoma karkataccen ɗan yatsansa a dagwalon gahawa ya dangwala a kusurwar ƙasa ta hagu. In bai dangwala ba, yage ta nake yi, ko da na wuni a kanta. Mutane suna tsokanarsa wai Si Lazhar bai iya shan gahawa ba sai ya ɓata takarda, shi ko sai ya yi dariya ya ce tsufa ne.

Bara lokacin tsinkar dabino ya rasu. Kujerarsa tana nan a ofis ba mai zama, kowane taro sai an ajiye mata finjalin gahawa ya huce a gabanta. Ni dai tun ranar jana'iza ban ƙara kai gahawa bakina ba, ko a gidana babu ita, ko ƙamshinta ba na iya jurewa.

To, wata biyu da suka wuce Munji ya zo gidana da kwalin alewa, na san dai ba zumunci ya kawo shi ba. Yana so mu haɗa jerin 'yan takara da jam'iyya mai alamar agogo. A jerinsu kuwa har da mutumin da sa hannunsa ke kan takardar ɗaure mu. Doka ta farko a kundinmu ta ce ba ma zama inuwa ɗaya da wanda ya ɗaure mu sai ya tsaya gaban jama'a ya faɗi abin da ya yi. Ta biyu ta ce ba a yanke magana sai da ƙuri'ar 'yan jam'iyya. Munji ya san in aka ƙirga hannu zai sha ƙasa.

Ba zan zalunce shi ba, Munji ba ɓarawo ba ne, kuma bakinsa ya fi nawa kaifi. Ya ce mu kaɗai ba za mu samu ko kujera ɗaya ba. Ya ce aƙidar da ba ta shiga majalisa ba, a gidan gahawa take tsufa tare da masu ita. Ya ce asibitin masu ciwon huhu da muka shekara ashirin muna kuka a kansa ba zai ginu da tsarkin zuciya ba, ƙuri'a yake so. Ya ce mulkin jama'a ai zama ne da wanda ba ka ƙauna, in ba haka ba me ya raba mu da waɗanda suka kulle mu? Na ce to ya je ya faɗa wa mutane haka. Ya ce, "Haba Malam, tsofaffin nan wa suke ji in ba shi ba? Kai ne fa bakinsa. Rabin maganganun da suke haddacewa daga kanka suka fito, ƙarya nake yi?" Lalla, abin da ya kashe mini jiki shi ne ba ƙarya yake yi ba.

Na rubuta. Shafi ɗaya, wai wasiyya ce da aka tsinta a aljihun tebur, yana cewa lokacin yafiya ya yi. Da na gama na zauna ina kallon kusurwar hagu, na rasa abin da nake jira. Munji ya ce in ɗan ɗiga gahawar mana. Wannan kam na ce ko zai yanka ni ba zan yi ba. Ya ce ba komai, wa zai lura?

Ranar taro aka karanta ta a gaban kujerar nan. Ba a ma ƙirga ƙuri'a ba, kuka kawai aka yi ta yi, hannuwa suka tashi. Ammi Tijani, wani tsohon mai haƙar rami da ƙanensa ya mutu a ɗakin da ke kusa da namu, ya tako da sandarsa ya sumbaci takardar, ya ce, "In Si Lazhar ya yafe, ni wane ne?" Mutumin da ya rantse ba zai yafe ba sai an nuna masa kabarin ɗan'uwansa! Na so ƙasa ta tsage in shige.

Lalla Mabruka ba ta je taron ba. Ran Juma'a da safe muka yi kiciɓis a maƙabarta tana zuba ruwa a kan kabarinsa. Na gaishe ta. Sai ta zuba wa hannuna na dama ido har na ji ya yi sanyi, sannan ta ce, "Yaya hannun maigidana? Na ji ya warke bayan mutuwa." Ta ɗauki butarta ta wuce.

Tun daga ranar rubutuna ya ɓace. Ina nufin nawa na kaina, wanda na koyar da yara da shi. Matata ta ce in rubuta mata cefane, tumatir da tattasai da garin kuskus, sai ga su da hannun Si Lazhar, ta saki takardar kamar ta taɓa wuta. Na je karɓar magani, mai kantin ya dubi sa hannuna ya dube ni ya yi salati. Na gwada, wallahi na gwada, na cika littafi guda da sunana, duk nasa ne.

Shekaranjiya da azahar na zauna ni kaɗai a ofis, zafi ya sa gyangyaɗi ya ɗauke ni a kan tebur, kujerarsa tana fuskantata. Da na farka alƙalami yana hannuna, ga takarda a gabana da layi ɗaya, tawadar ba ta ma bushe ba: "Malam, wa ya aike ka?" Haka yake ce mini in na ƙara kalmar da bai faɗa ba. Ƙofa a rufe take ta ciki. Na san za ki ce ni na rubuta cikin barci. Ni ma haka nake gaya wa kaina, amma tsikar jikina ba ta kwanta ba har yanzu.

Gaba kura baya siyaki. In na yi shiru, ran Lahadi Ammi Tijani zai dangwala wa wanda ya ɗaure ƙanensa saboda ƙaryata. In na yi magana, jam'iyya ta tarwatse ana dab da zaɓe, asibiti ya tafi, sannan a ce duk wasiƙun shekara talatin da ɗaya jabu ne, Si Lazhar ɗan damfara ne. Na kashe shi ke nan karo na biyu. Ki gafarce ni da tsawon surutu. Wannan ma da hannunsa take fitowa, na kasa hanawa. Na duba kusurwarta kafin in naɗe, fara fat, don ba ni da mai dangwala mini kuma.

Naki cikin ruɗani,
Mai Hannun Aro, Gafsa

*

Ya Mai Hannun Aro,

Na sauya sunaye kamar yadda ka roƙa, amma kada ka yaudari kanka, duk ɗan garinku da ya karanta zai gane. Ina jin kai ma ka san haka lokacin da ka kai ambulan gidan waya. Rabin shawarar ka riga ka yanke, sauran rabin nake taya ka.

Munji yana da hujja, kuma ba ƙarama ba. Jam'iyyu suna haɗa kai da abokan gabar jiya, wani lokaci alheri ya fito, kuma mai tari da jini ba ruwansa da doka ta farko a kundi. Mai yiwuwa ne da Si Lazhar yana raye ya yarda. Mai yiwuwa ne kuma ya kore ku da sanda. Ba wanda ya sani, har kai da ka fi kowa sanin bakinsa. Laifinku ba haɗin gwiwar ba ne. Laifinku shi ne kun hana rayayyu gardama, kun ɗauko wanda ba a iya yi wa tambaya kun sa ya rufe taro. Ammi Tijani yana da ikon ya yafe, yana da ikon ya ƙi. Kun karɓe masa duka biyun, kun bar shi yana gode muku. Shugaban da ba zai iya tsayawa da sunansa ya ce "ni nake so, ga dalilina" ba, bai shirya shiga majalisa ba.

Ga abin da za ka yi, kuma yau za ka fara, domin Asabar ranar shirun zaɓe ce, ba a magana. Ka fara da gidan Lalla Mabruka. Ba gatse kaɗai ta yi maka ba, jira take ta ga ko da sauran namiji a cikin abokan mijinta. Ka nemi gafararta, ka roƙe ta ta tsaya kusa da kai. Daga nan sai Munji: ka ba shi kwana ɗaya ya kira taro ya faɗa da bakinsa, ya kawo hujjarsa ta asibiti, a ƙirga hannu kamar yadda doka ta biyu ta ce. In ya ƙi, kai ka faɗa. Jerin 'yan takara ba zai sauyu ba yanzu, amma kowa zai shiga rumfa da idonsa a buɗe. Ka ga lauya kafin taron, don maganar tana iya kai ka gaban alƙali. Ammi Tijani kuwa kada ya ji a bakin kowa, ka taka har ƙofarsa. Za ku iya rasa kujerun nan, ba zan ɓoye maka ba, kuma wasu ba za su ƙara amsa sallamarka ba.

Batun mutuncin Si Lazhar, kwantar da hankalinka. Mutumin da aka karya wa yatsu ya ari hannun amininsa bai yi abin kunya ba, magatakarda ba sabon abu ba ne a duniya. Kuma ya bar maka shaida ba ka lura ba. Duk gidan da aka adana wasiƙarsa, a ciro a duba kusurwa. Ni ma ina da ɗaya, ya aiko mini shekara ashirin da suka wuce yana yi mini faɗa kan wani sharhi. Na ciro ta, tabon yana nan. Wasiyyar ba ta da shi. Ƙin ɗiga gahawar nan da ka yi shi ne abin da zai wanke shi, kai ma ya rage maka laifi.

Hannunka da barcin azahar, ka je likita ya duba ka, kuma ka daina zama kai kaɗai a ofishin nan. Ni ba mai yarda da matattu suna rubutu ba ce. Zuciyar da aka matse ce take neman ƙofa.

Sai dai zan gaya maka abu ɗaya, don ban iya ɓoye-ɓoye ba. Ka ce kusurwar wasiƙarka fara ce fat, ka ce kuma babu gahawa a gidanka. Ni na yanke ambulan da hannuna, a rufe yake gam, kuma ni shayi nake sha. A shafin ƙarshe, ƙasa, ta hagu, akwai ɗan tabo ruwan ƙasa, zagayayye, daidai kan ɗan yatsa. Na ɗora shi kusa da na tsohuwar wasiƙata, na daɗe ina kallo, sannan na tashi na buɗe taga. Ban san yadda aka yi ba, ba kuma zan ƙirƙiro maka bayani ba. Kai dai ka ce takarda ba ta fita sai an dangwala. To wannan ta fita.

Tashi ka tafi gidan Lalla Mabruka. Allah Ya jiƙan Si Lazhar, Ya ba ka ƙarfin zuciya, Ya mayar maka da hannunka.

Taka,
Lalla Shadliya