Faifai Ba Jitar Des

Litinin, 6 ga Maris
Ranar farko a situdiyo, nan Newcastle. Shekara talatin da ɗaya ina waƙar rok da ƙungiya a bayana, yanzu sunana kaɗai zai hau faifai. Hamish, mai haɗa sautin, ya ce in daina farautar muryata ta 1984. "Glenys, waccan ta tafi. Wannan mai kaushin ita waƙar blus ke so." Na ce masa lokacin da nake cika mashayun garin nan da masu sauraro ko tafiya bai fara ba. Amma dai na sauke muryar.

Alhamis, 9 ga Maris
Waƙa uku sun shiga. Maƙogwaro kamar na haɗiyi yashi. Shayi da zuma, ba magana sai gobe.

Asabar, 18 ga Maris
Waƙa ta bakwai ta ƙi. Masu jita biyu Hamish ya kawo, duk gwanaye, duk ba su yi mini ba. Ya ce, "Ai kin san hannun wa kike nema." Na sani. Des, tsohon mijina, mai jitarmu, wanda ya kwashe kayansa ya bar mu ana tsakiyar yawon wasa. Shekara tara ba ma magana. Waƙar ma a kansa take, kuma ba yabo ba ne.

Talata, 21 ga Maris
'Yarmu ta ce hannuwansa karkarwa suke yanzu, cokali ma da ƙyar. Yana gidan kula da tsofaffi a Stockton. Ba wanda ya gaya mini. Ko an faɗa ban saurara ba.

Laraba, 5 ga Afrilu
Ni na kaɗa jitar da kaina. Akwai kuskure biyu, Hamish ya hana a goge. An gama.

Juma'a, 16 ga Yuni
Faifai ya fito. Na hau jirgin ruwa zuwa Stockton da kwafi ɗaya, niyyata in ajiye wa ma'aikata in juya. Sai ga shi a baranda cikin bargo. Ya rame.
"Kin tsufa," in ji shi.
"Kai fa, ka duba madubi?"
Ya ce in sa ta bakwai, wai 'yarmu ta tsegunta masa. Na sa. Ya saurara ido rufe, yatsun hagunsa na motsi a kan bargon. Da ta ƙare ya ce, "Duk abin da kika faɗa gaskiya ne. Amma wane azzalumi ne ya kaɗa jitar nan?"
Na ce ni ce. Ya yi dariya har da tari.

Lahadi, 18 ga Yuni
Wai Des ya ce in kawo jitar ran Alhamis ya nuna mini inda nake ɓatawa. Ban ce zan je ba. Na dai canza mata tsirkiya, dama ta tsufa.