Ki Kai Inna a Yi Mata Hoto

Gwaggo Huseina,

Assalamu alaikum. Ya mutanen Guri? Ruwa ya janye daga gonaki? Ni lafiya lau, sai sanyin Glasgow da cin abinci ni kaɗai. Na kusa sabawa.

Ƙanwata Ummussalma ta ce Inna ta ji ƙullutu a nono, tana shafa magani a ɓoye. Kullum aikina duba hotunan nonon matan da ban sani ba, ina neman ciwon daji tun yana ƙarami. Amma uwata, don kunyar 'yar fari, ko sunana ba ta kira, balle ta gaya mini.

Don Allah ki kai ta asibiti a yi mata hoto. Kada ki ce ni na aiko. Ki ce ke ce kike tsoro. Nawa tsoron zan riƙe shi a nan.

'Yarki,
Zulfa