Motar Baba Ta Tashi

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya Legas? Ina fatan kana lafiya, da Anti Hadiza da yara. Mu ma nan Birnin Gwari sai godiya.

Tsohuwar motar Baba da muka fara gyarawa tare saboda gasar nunin motoci a Kaduna ta tashi ranar Talata. Na sa mata babban inji, na fesa mata jan fentin da ka zaɓa. Da ta yi ruri, na juya na ce, "Yaya, ka ji?" Babu kowa a garejin sai ni.

Audu direba ya ce, "Ba ni ratsa dajin nan da jar mota." Don haka ni zan tuƙa ta ranar Asabar, ni kaɗai. Ka roƙa mini Allah in isa lafiya. Ka gaida mutan gida.

Ƙaninka,
Bala