Farin Naru daga Kajoldanga

Saskatoon, Janairu

Ma,

Assalamu alaikum. Na duƙa na taɓa ƙafafunki daga nesa. Ina fatan ciwon gwiwar ya yi sauƙi.

Matar Dakta Tofazzal ta iso lafiya da gwangwanin da kika aiko. Ta ce 'yan kwastan sun buɗe, sun ɗaga pitha ɗaya, wainar shinkafar nan taki, sama suna kallon zanen da kika yi da ƙaya, ɗayansu ya tambaye ta ko ado ne na bango. Na soya su jiya, gidan ɗalibai duk ya ɗauki ƙamshi. Nimkin kam, cincin ɗin nan mai gishiri, ban ba kowa ba, a ƙarƙashin gado yake.

Amma Ma, me ya sa narun bana fari ne? Tun da na yi wayo ban taɓa ganin kin dunƙula kwakwa da sukarin kanti ba. Ke kike cewa aikin malalatan birni ne. Ina mazarƙwailar dabinonmu? Sanyi ya shigo, ai yanzu ne ake rataya tukwane a jikin itatuwan don tarar ruwan zaƙinsu.

Ki gaida kowa.
'Yarki, Shiuli

Kajoldanga, Maris

Shiuli, sanyin idona,

Wa alaikumus salam. Allah ya raya ki. Wato na ƙona yatsuna na aika miki kaya har ƙarshen duniya, abin da za ki saka min da shi bincike ne? Karatun lauya kika je ko na kimiyyar ƙasar noma? Ki ci abin da kika samu.

Dabinon gabas ba su ba da ruwa bana ba, shi ke nan. Gwiwa da sauƙi. Akuya ta haifi biyu. Su Horipodo masunci sun tashi, sun kwance kwanon rufinsu sun loda a jirgin ruwa, har da ƙofa. Matarsa ta yi ta kuka a wuyana kamar ni ce zan tafi. Unguwar ta yi shiru, yanzu ina jin ƙarar kogin Padma daga madafi, da can sai an fita bayan gida.

Na share kabarin Abbanki, na sake masa shinge. Ki riƙa rufe kunnenki idan za ki fita cikin ƙanƙarar nan.

Mai yi miki addu'a, Ma

Faridpur, Yuni

Shiuli,

Salam. Ma ta hana ni faɗa miki, amma na gaji.

Dabinon gabas babu su. Kogi ya cinye su tun daminar bara, da gonar, da hanyar masallaci. Na je makon jiya. Ƙasa ta tsage a tsakar gida, tsagar ta bi ta gindin mangwaro, hannuna yana shiga. Ina tsaye wani yanki na gaɓa ya zame, ko ƙara bai yi sosai ba, da itacen ayaba a kai, a tsaye ya nitse.

Na ce ta tattara mu tafi, ɗaki yana nan na gyara mata. Tana kankare kwakwa, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, “Mokhles, ubanka yana kwance a nan, in ce masa me? Na tafi birni shan iskar fanka?” Na ce to a tone shi a mayar tudu. Ta nuna ni da wuƙa ta ce in na sake faɗa, kada in ƙara kiranta uwa.

Ni ba ta jin tawa. Ke ce 'yar gaban goshi, ki rubuta mata. Ruwa yana hawa.

Yayanki, Mokhles

Kajoldanga, Yuli

Shiuli,

Assalamu alaikum. Takardarki ta zo, na ga inda hawaye ya ɓata tawada. Yayanki bakinsa ba ya riƙe komai, tun yana yaro haka yake.

Ga kayan Babbar Sallah nan, wani ɗalibi ɗan Rajbari zai kawo miki. Kada ki tsorata da yawansu. Garin shinkafar da ya rage ne na ga bai kamata ya jiƙe a banza ba, na yi pitha da shi duka. Ban samu rana ba, a bakin murhu na busar, ki soya da wuri. Akwai nimki, akwai dunƙulen shinkafa, akwai naru. Na sa miki abin kankare kwakwata da katakon da kakarki take buga alawa a ciki. Nauyi gare su, ki ba yaron haƙuri.

Naru ba a barinsa a wuta sai ya bushe. Idan ya fara barin gefen tukunya ki sauke, ki shafa mai a tafinki, ki dunƙula da zafinsa. Zai ƙona ki. Haka ake yi.

Madafi ya tafi cikin kogi ranar Talata, a baranda nake girki yanzu. Ban ji tsoro ba. Kullum da safe nakan je in zauna wajen Abbanki, in ba shi labarin inda ruwa ya kai. Na ce masa ba zan bar shi ya gani shi kaɗai ba.

Ki yi karatu. Kada ki zo.

Ma

Saskatoon, Agusta

Bhaiya, Yayana,

Salam. Don Allah ka ajiye aikin nan ka tafi yau. Ma ta aiko min da kayan girkinta. Matar da ba ta taɓa ba maƙwabta aron abin kankare kwakwa ba, ta sa shi a jirgin sama! Na buɗe gwangwanin na kasa cin ko ɗaya.

A nan ana nuna ambaliyar a talabijin, na tsaya ina neman rufinmu a cikin ruwan kamar mahaukaciya. Kada ka yi mata gardama, kada ka roƙe ta. Ka ɗauki maza biyu ku ɗaga ta ku sa a jirgin ruwa. In ta tsine maka, ka ce ni na sa ka, mu raba.

Ƙanwarka, Shiuli

Faridpur, Satumba

Shiuli,

Salam. Tana da rai, tana wurina.

Na makara. A kan jingar da gwamnati ta yi don tare ruwa na same ta cikin mutanen ƙauye, da akuyarta. Sun ce ta tsaya har kabarin ya zame, tana kallo, sannan ta juya da ƙafarta ta shiga jirgi, ba wanda ya taɓa ta.

Tana cin abinci kaɗan, tana sallah. Jiya da la'asar kawai ta yafa mayafi ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce in raka ta gida kafin duhu.

Ki rubuto mata, amma ta adireshina. Kada ki ƙara sa Kajoldanga a bayan ambulan, babu inda mai kai wasiƙa zai kai ta.

Yayanki, Mokhles