Rufin Ɗakin Umma

Gwagwalada, Abuja
Watan Maris

Zuwa ga matata abar ƙaunata Nafeesa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya. Ya karatu, ya zaman Kuala Lumpur? Ina fatan cikinki ya daina rigima da abincinsu. Mu nan lafiya lau, yara sun koma makarantar kwana, gida ya zama ni kaɗai sai ƙadangaru.

A waya na kasa gaya miki komai, shi ya sa na zauna na rubuta. Likita ya tabbatar ƙodar Umma ce. Ya ce sai an riƙa yi mata wankin ƙoda kowane mako, kuma ba a tsallakewa. Daga Kankia zuwa inda injin yake tafiya ce da ke gajiyar da mai lafiya ma, ga layi. Mu kuwa ga asibitin koyarwa a hancinmu. Duk mai hankali zai ce ta dawo wurinmu, amma kin san surukarki.

Ke 'yar birni kin sha yi mini dariya a kan wannan, to yau ba abin dariya ba ne. Ni ɗan farinta ne. Tun da aka yaye ni aka miƙa wa kakata, Umma ba ta sake kwana ƙarƙashin rufin da nake ciki ba. Ba ta cin abinci a gabana, in za ta yi mini magana sai ta juya ga ƙanwata Hafsah ta ce a gaya wa wancan. Mata da yawa sun saki wannan kunya, ita tana riƙe da ita kamar farilla. Hafsah ta yi ta lallashi har ta amince za ta zo, da sharaɗi guda: ɗakinta daban, ƙofarta daban, rufinta daban.

Saboda haka ki yafe mini, zogalenki da ke bayan gida ya tafi. Nan jikin katanga za a yi mata ɗaki da bayi da 'yar baranda. Na samu magini, wani mutumin Mangu mai suna Enoch, mai hannu ne kuma ba ya surutu. Ranar Asabar muka je Dei-Dei muka ɗauko rodi da kwanon rufi da katako. Mijinki da bai san bambancin yashin filasta da na bulo ba, yau shi ne ke ƙwanƙwasa bulo yana gyaɗa kai kamar wani gwani. Enoch ya tambaye ni takardar izinin gini, na ce ɗaki ɗaya a cikin gidana, don mahaifiyata, wa zan roƙa?

An haƙa fandisho, bulo ya fara hawa. Da yamma nakan tsaya a tsakiyar wurin in ce nan gadonta, nan dardumarta. Ban ɓoye miki ba, tsoro nake ji, Hafsah ta ce ƙafafunta sun fara kumbura.

Ki sa mu a addu'a. Ki kula mini da kanki.

Naki har kullum,
Abdulmajeed

Gwagwalada, Abuja
Watan Yuni

Zuwa ga Nafeesa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kewa, da fatan jarrabawa ta zo da sauƙi kuma murar nan ta sake ki. Na ga saƙonninki, shirun da na yi ba fushi ba ne, rasa ta inda zan fara na yi.

Ɗakin ya kai linta lokacin da na dawo daga ofis na tarar da jan fenti a bango. Ma'aikatan kula da gine-gine ne suka zo. Na yi ta zarya ofishinsu har masu gadi suka san ni. Ba su wulaƙanta ni ba, gaskiya, wata mata a cikinsu ma ta shimfiɗa taswirar unguwarmu ta nuna mini da haƙuri. Tazarar da ke tsakanin gida da katanga dole a bar ta fili, kuma filinmu gini ɗaya aka yarda a yi a kansa. Ƙari ya halatta, amma sai an manna shi da jikin gidan. Na yi mata bayanin Umma tun daga yaye. Ta saurara, ta tausaya, ta ce ba ta da gurbin da za ta rubuta wannan. Kin ji ma'aikacin gwamnati, ni da nake gaya wa mutane irin wannan magana kullum a teburina.

Ban jira katafila ba. Ni na ce wa Enoch ya rushe, na tsaya ina kallo ana tsince bulon da bai fashe ba.

Gaba kura baya sayaki kenan. Abin da hukuma ta yarda da shi Umma ba ta yarda ba, abin da Umma ta yarda da shi hukuma ta shafa masa fenti. Na nemi ɗakin haya a kusa, ta aiko cewa ba za ta zauna gidan baƙi a ce ɗanta ya kasa riƙe ta ba. Sai na yi dabara. Aka zana sabon ɗaki jikin bangon kicin, aka ba ni izini. Babu ƙofar da ta haɗa shi da falo, tasa ƙofar tana kallon gabas, nesa da tawa. Na ce a ƙara masa 'yar katanga ta yadda in ta fito alwala ba za mu haɗa ido ba. Hafsah kawai na gaya wa cewa bangon ɗaya ne, ta ce tunda ƙofa daban wataƙila Umma ta kau da kai.

Damina ta kankama, aiki yana tafiya yau a yi gobe a tsaya. A can kuma Umma ta tsallake wanki har ba ta iya azumin Litinin ɗinta. Kullum wayata ta yi ƙara na ga sunan Hafsah sai na yi addu'a kafin in ɗauka.

Kada ki bar karatunki ki taho, ba abin da zuwanki zai gyara. Allah Ya sada mu da alheri.

Mijinki,
Abdulmajeed

Gwagwalada, Abuja
Watan Agusta

Nafeesa tawa,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Ni jikina lafiya, zuciyata ce ba lafiya.

An gama ɗakin. Satin da za a yi rufi an tura ni aiki Lokoja, na bar Enoch da kafintansa. Ban ce masa komai a kan rufin ba, domin a kaina abu ne da kowa ya sani. Shi kuma a aikinsa abin da kowa ya sani shi ne in ka manna ɗaki da gida sai ka zarce da kwanon gidan a kansa, don kada ruwa ya bi tsakani. Haka ya yi, ya yi shi da kyau, har ya nemo kwano kalar namu. Da na dawo ya nuna mini yana murna ya ce, “Oga, ko injiniya ya zo ba zai gane an yi ƙari ba, ya zama gida ɗaya.” Na ga abin, amma motar su Umma ta riga ta kama hanya.

Ta iso da la'asar. Nafeesa, ta rame, sai ƙafafun da suka cika takalmi. Na gaishe ta daga nesa na koma gefe. Hafsah ta riƙo ta har bakin ƙofar, ga gado an gyara, ga buta sabuwa. Ba ta leƙa ciki ba. Kai ta ɗaga ta bi kwanon da ido tun daga kan ɗakinta har kan namu. Sannan ta ce wa Hafsah, “Ki ce masa Allah Ya yi albarka. Amma rufi ɗaya ne.”

A gidan maƙwabciyarmu Madam Monica suka kwana. Washegari aka yi mata wanki a asibiti, na ga fuskarta ta washe, Hafsah ta ce har ta sha kunu. Na aika Hafsah ta ce mata ni zan bar gidan in koma wurin aboki, ta zauna ita kaɗai. Ta ce uwa ba ta korar magidanci daga gidansa. Malamin masallacinmu ya zo ya nuna mata addini bai ɗora mata wannan ba, ta ce ta sani, ita dai ba za ta iya ba. Suka koma Kankia.

Na ji haushinta, ba zan yi miki ƙarya ba. Na ji haushin Enoch da bai yi laifi ba, na fi jin haushin kaina. Na sa shi ya hau ya yanke kwanon, ya bar tazarar tafin hannu tsakanin rufin biyu. Ya ce ruwa zai ci bangon, na ce ya ci. Yanzu duk ruwan da aka yi yana gangarowa ta kicin ɗinki, fenti ya fara ɓarewa. Na ɗauki hoton tsagar da sararin sama a cikinta na tura wa Hafsah.

Jiya ta kira. Ta nuna wa Umma hoton, Umma ta daɗe tana kallo, ta ce yanzu kam ya yi. Amma numfashinta ya yi nauyi, likitan can ya ce ba za ta jure doguwar hanya ba kuma, ko a kwance.

Na rufe ɗakin, na ɗauki hutu, gobe zan tafi Kankia. Na ce wa Hafsah ta shimfiɗa mini tabarma a zaure. Daga can ana jin tarin Umma.

Ki yi mata addu'a, ni ma ki yi mini. Wassalam.

Naki,
Abdulmajeed