Tambayar da Matan Rimawa Suka Ƙi Amsawa

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024

Alhamis za a fara aiki da manhajar rabon irin albasa a Rimawa. Ni na tattara buƙatunta, shafi talatin da biyu. A ofishinmu na Sakkwato ba wanda ya yi mini gyara, tunda ni ne ɗan ƙasar. Har sabuwar hula na saya.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Mata arba'in da ɗaya, shida kaɗai suka karɓi iri.

Da yake yawancinsu ba sa karatun boko, na rubuta cewa kowace za ta tabbatar da kanta da baki: waya ta tambaye ta sunan ɗanta na fari, ta faɗa. Sunayen daga bakin mazansu na karɓa. Wai abin da uwa ba ta mantawa. Ni mai wayo!

Inna Mairo, ƙanwar babana, ta dubi wayar, ta ja mayafi. "Mujahid, mi kaka son in hwaɗi? Sunan ɗan hwari, gaban mutane? Kai ka taɓa jin uwakka ta kira sunanka?"

Ban taɓa ba. Ni ne ɗanta na fari, shekara talatin da ɗaya tana ce mini "wancan". Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Masallaci kawai na je, ta bayan gida.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Shugabata Sadiya ta kira. Da ma faɗa ta yi. Cewa kawai ta yi, "Mata nawa ka zauna da su kafin ka rubuta?"

Ko ɗaya. Maza na tara a zaure, na yi ta bayani, suka ce madalla, na rubuta an amince. Alhali na san irin madallar da ake yi wa ɗan Liman irina. In mako ya ƙare matan ba su zuba iri ba, dashen bana ya wuce su, kuma ni na ja musu.

Talata, 15 ga Oktoba

Na zauna a tabarma a tsakar gidan Inna, mata bakwai. Sun yi mini dariya son ransu. Sannan wata ta ce, "Mu nan mata biyu su shaide ki, shi ke nan. Wa ab bai san wani ba?"

Awa uku, tambaya biyu kawai na yi, littafina ya cika. Sadiya ta yarda da shaidun, jibi a sake rabo.

Gobe sai ƙauyen Taloka. Takardar bayanin da na shirya musu zan bar ta gida. Jakar ce ta yi nauyi, ba wani abu ba.