Katin da Na Ƙulle a Bakin Zanena

Zuwa ga ƙanena Bashari, a duk inda wannan takarda ta riske ka.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ni ce yayarka Zuwaira, daga gidanmu na unguwar Mardjandafak a Njamena. Na rubuta a bainar jama'a ne don ban san ƙofar da zan aika ba. Rabona da labarinka tun da wani direba ya ce ya hango ka a Libiya. Kuma ina so tsofaffin abokan ƙwallonka su ji da kunnensu.

Ka tuna shekarar da ƙungiyar unguwarmu ta kusa fita daga rukuni na biyu, can ƙarshen shekarun casa'in? Kai ne mai tsaron raga, da safar hannun da na tsinto maka a gwanjon kasuwar Dembé, ɗaya ta fi ɗaya girma. Ni ce mai wanke muku riguna, ina mita kuna yi mini dariya. Saura wasa ɗaya, ko kunnen doki kuka yi kun haye rukuni na ɗaya. Daga nan har unguwar Ridina ba a wata hira sai wannan.

Sai wasan ya faɗo ranar tafiyar Baba hajji. Ka san abin da tafiyar nan take a gidanmu. Kakanmu ya baro Kano a ƙasa da niyyar Makka, guzuri ya ƙare masa a Njamena, a nan aka binne shi. Baba ne zai ƙarasa masa hanya, kai kuma kai kaɗai ne ɗa namiji. Na ce a raina, dangi kaf za su fito rakiya, a ce bare ne ya ɗauki jakar Baba, ɗansa yana can yana tsalle da gajeren wando? Wallahi ba da ni ba.

Na san ba a barin kowa ya shiga fili sai ya nuna lisans, katin nan mai hotonka. Yana cikin aljihun jakar rigunan da na goge. Da hantsi na zare shi, na ƙulle a bakin zanena. A wautata, in ka rasa shi za ka haƙura ka bi mu.

Ba ka bi mu ba. Na bar ka kana zazzage ɗaki, gumi har ƙasa, ka ɗaga tabarma, ka leƙa har cikin tulu. Ka tambaye ni sau biyu, na ce ni ina ruwana da tarkacenka.

A filin jirgi, ana ta raba karkanji, zoɓon nan namu, saboda zafi, na matsa kusa da Baba don in kai ƙararka. Kafin in buɗe baki ya ce ai tun da asuba ya sallame ka, ya sa maka albarka. Har yau ina jin muryarsa: "Kowa da hanyar da zai ƙarasa, a bar shi ya tsare ragarsa." Na taɓa ƙullin zanena. Ana kiran la'asar lokacin, an riga an busa usur an fara wasa.

Daga baya na ji ka roƙi masu duba kati har da hawaye, suka ce doka ce. Kana zaune a bakin fili aka zura wa wanda ya maye gurbinka ƙwallo biyu. Kalas, shi ke nan, shekara ta tafi.

Abin da ya biyo baya ya fi ciwo. Aka ce sayar da wasan ka yi, ka ɓoye katin da gangan. In ka doso rumfar mai shayi sai a yi tsit. Ka daina cin tuwon kirki, ka rataye safar hannun a ƙusa. Ina kallo, kullum in ce gobe zan faɗa. Tsoro nake kada Baba ya dawo ya ji, daga baya kuma kunya ta hana ni. Kafin damina ta ƙare ka shiga mota ka yi arewa, har ka ce in yafe maka wahalar wanki. Ni, ka ce in yafe maka!

Baba ya rasu yana cewa bai yarda ɗansa ya ci amana ba. Ni da ke da shaidar ina gefensa ina fifita, ban ce uffan ba.

Bashari, ɗan Innata, ba ka sayar da komai ba, ba ka kuma yar da komai ba. Ni na ɗauka. Na yi nadama, nadamar da ta tsufa tare da ni. Katin yana nan a ƙasan akwatina, hoton ya koɗe amma ana gane kunnuwan nan naka da nake tsokana.

Allah Ya tsare ka inda kake, in kuma ka riga mu, Ya haskaka makwancinka. Ya sanyaya zuciyarka a kaina ko da ban cancanta ba. In kana raye, ka zo ka karɓi kayanka, ko zagina ne ka yi a tsakar gida in ji muryarka.

Yayarka mai laifi,
Zuwaira